Sunan da na laƙa wa Labbo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a rumfar 'yan albasa ta Wurno ba, da babbar rigata da hulata, na shaida wa mutanen da suka san ni tun ina ɗaukar buhu a ka cewa ni maƙaryaci ne. Babu wanda ya riƙe mini wuya. Da ƙafata na je, da bakina na faɗa. Abin da ya fi ciwo kuma, abin da na ƙaryata ɗin na gan shi da idona, da rana tsaka.

Ni dillalin albasa ne. Ban gaji sana'ar ba, daga dako na fara, har Allah ya sa yau ina loda tirela zuwa Kudu. Jarina biyu ne, ido da magana. In na dubi buhu na ce ta kwana uku ce da cirewa, ba sai an kwance ba. In na ce wa manomin Goronyo ko na Rabah farashi kaza ne, ya san haka ne. Wannan ya sa har abin da bai shafi albasa ba akan zo a tambaye ni: gona, rigimar iyaka, binciken aure. (Ni kuma, gaskiya, abin yana mini daɗi. Mutum ya saba a tambaye shi, sai ya fara jin babu abin da bai sani ba.)

Labbo mutumin wani ƙauye ne can bayan Rabah. Lokacin da 'yan bindiga suka matsa musu, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo Wurno, ya kama ɗaki a gidan wani ɗan uwansa. Manomi ne da ya saba cika rumbu, amma ya zo wurina neman ɗinkin buhu, na ba shi. Dogo ne, mai gemu, ba ya son surutu. Yakan zauna da basillarsa daga safe har la'asar, in ka gaishe shi ya amsa, in ba ka gaishe shi ba shi ke nan. Yana da yatsar ƙafa ɗaya da fartanya ta guntule masa tun yana saurayi. Babbar ɗiyarsa Nana, wani yaro ɗan Goronyo mai noman rani a bakin dam yana nemanta, iyaye sun yi magana, an kawo kayan gaisuwa, saura sa rana. A halin da Labbo yake ciki, wannan auren shi ne abu ɗaya da ya rage masa yana tafiya daidai.

Sai kuma Dije. Dije namiji ne, sunansa na yanka Garba, amma rabon da a kira shi da shi an manta. Ɗan daudu ne, tsoho, mai sayar da masa da tuwo a tasha. Yana ɗaura zane a kan wando in yana gaban murhu, yana tafa hannu in yana magana, bakinsa kuma ba ya barin ko-ta-kwana. Ni ban taɓa yarda da daudu ba, kuma ban ɓoye ba. Amma miyar Dije nake ci kullum. (Duk garin haka muke. Mu zage shi da safe, da rana mu aika da kwano.)

Wata Laraba bayan azahar na je tasha duba wata mota da za ta ɗaukar mini kaya. Ina tsaye sai na ga an ɗaga labulen ɗakin da ke bayan rumfar Dije, wata doguwar mace ta fito da zane da hijabi har ƙasa, fuska a rufe. Dije na biye da ita yana gyara mata zanen ta baya, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta nufi wata a-kori-kura mai zuwa Rabah, wadda wasu tsofaffin mata ke zaune a bayanta. Da ta zo hawa, maimakon ta jira a kama mata hannu, sai ta ɗaga ƙafa ta taka taya ta haye kamar ɗan dako. Zanen ya ɗage. Na ga ƙafar. Na ga guntun yatsa.

Da ni mutumin kirki ne, da na ƙarasa na ce, Labbo, lafiya? Ko kuwa in yi shiru in jira ya dawo. Ban yi ko ɗaya ba. Abin da na ji a raina farin ciki ne irin na wanda ya tsinci labari kafin kowa. Ko motar da na je dubawa ban duba ba. Na koma rumfa, inda dillalai ke zaune ana shan shayi, na zauna, na gyara riga, na ce, "Jama'a, Labbo hwa ya shiga daudu."

Aka yi dariya, ana zaton wasa ne. Na rantse. Na kwatanta hawan motar, har na miƙe na ɗaga ƙafa na nuna. Wani ya ce, "Alhaji, ka tabbata?" Na ce, "Ni da nika gane albasa ta cikin buhu, in kasa gane Labbo ta cikin hijabi?" Aka sake kwashewa. Ni ne na fara cewa Hajiya Labbo. Ina so wannan ya fito fili, don daga baya mutane da yawa sun so su ce ba su san daga inda sunan ya fito ba. Daga bakina ya fito.

Bayan kwana biyu Labbo ya dawo aiki, babu gemu. Gemun da ya shekara ashirin yana ajiye, an aske shi tas. Wannan ya gama komai. Wanda yake shakka ma ya daina.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda suna yake girma in ya bar bakin mai shi. Ni daudu na ce. Kafin sati, a bakin 'yan dako ya zama mata-maza, wai dama can haka aka haife shi, 'ya'yan ma a bincika. A majalisar masu shayi ya zama ɗan neman maza. Samari masu manyan wayoyi suka kawo nasu kalmomin na Turanci, waɗanda ni ko faɗarsu ban iya ba, suna faɗa suna dariya in ya wuce. Wani ya fito ƙarara ya ce ɗan luwaɗi, kuma a garinmu wannan kalmar ba ta wasa ba ce, tana iya sa a jefi mutum. Ni duk ina ji. Wani lokaci in ji babu daɗi, sai in ce wa kaina ai ba ni na faɗi waɗannan ba.

Labbo bai ce uffan ba. Yana zuwa, yana ɗinki, yana tafiya. A masallaci na lura wanda ke kusa da shi a sahu yakan bar ɗan fili tsakaninsu, daga baya sai ya koma sahun ƙarshe da kansa. Sau biyu kuma ya sake ɓacewa na kwana biyu-biyu, kowane lokaci sai a ce Hajiya ta tafi biki. Shirun nan nasa ni na ɗauke shi shaida. Na ce mai gaskiya ai da ya yi magana.

Daga Goronyo aka ji shiru. Ranar da aka ce za a zo sa rana ta wuce, ba a zo ba, ba a aiko ba. Matata ta gaya mini Nana ta daina fita ɗiban ruwa. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da cin tuwona.

Wata ranar kasuwa sai ga Alhaji Mande, ƙanin kakan yaron da ke neman Nana, dattijo mai kusan shekara tamanin, wanda ya yi karatun littattafai kafin ya koma noma. Na san shi, na sha sayen albasarsa. Na shigar da shi ɗakin cikin shagona, na shimfiɗa darduma, na aika a ce wa Dije ya kawo masa da miya ta babban baƙo. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi ruwan dam. Sannan ya ajiye sandarsa ya ce, "Alhaji, bincike niz zo. An ce maganar Labbo daga wurinka tah hito, an ce kuma kai ba ka ƙarya. In abin da aka hwaɗi gaskiya na, mu janye tun ba a ɗaura ba. Mi kag gani?"

Na gyara zama, na ba shi labari tiryan-tiryan, har da yatsar. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To. Mi ne ne shi?"

Na ce, "Baba, ai na hwaɗa maka."

Ya ce, "A'a. Ka hwaɗa min abin da yas sa a jiki. Ni suna huɗu nij ji a Goronyo. Wasu sun ce ɗan daudu, wasu sun ce mata-maza, wasu sun ce ɗan luwaɗi, jikokina sun hwaɗi wani da ban riƙe ba. Wanne ne daga ciki?"

Na ce, "Yo Baba, ai duk tafiyar ɗaya ce."

Tsohon ya dube ni yadda nake duban yaron da ya kawo mini ruɓaɓɓiyar albasa a ƙasan buhu. Ya ce, "Ɗaya? Mata-maza halitta ce, Allah yay yi mutum haka, malamai sun yi babi guda a kanta, har gadonai an hwaɗi yadda za a raba, kuma ba laihi ba ne. Daudu ɗabi'a ce da sana'a, magana da tahiya da girki. Luwaɗi aiki ne, kuma wanda yaj jehi Musulmi da shi babu shaidu, shi ka shan bulala. Kai wanne kaka shaida a kai? Don in na koma gida da bakinka za ni magana."

Ni da nake raba albasa kashi biyar kafin a ɗinke buhu, ban taɓa zama na raba waɗannan kalmomin ba. Na fara kame-kame, ina cewa ai dai wanda ya sa zane, kuma daga ɗakin Dije, kuma ga gemu, ai Baba kai ma ka san inda maganar ta nufa.

"Ahayye! Ina tan nuhwa, Alhajin Allah?"

Dije ne, tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Da yake baƙon babba ne, da kansa ya kawo. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya shigo ya dire tiren a gaban Alhaji Mande, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, sannan ya miƙe ya tura ƙofar shagona ya sa sakata, kamar shagon ubansa.

Na ce, "Kai Dije, mi ne ne haka? Hita muna."

Ya ce, "Ba inda za ni. Wata uku ina haɗiye maganag ga har ta kusa zame min ciwo. Baba, ka gahwarce ni, in ɗan daudu kaka nema, ga shi gabanka. Ni ne. Shekara arba'in ina cikinta, ban ɓoye ma kowa ba, Alhaji ma da miyata yay yi wanga tumbi. Labbo kau, wallahi ko zane bai iya ɗaurawa ba. Sau uku yana kwance mai kahin mu kai ƙohwa."

Alhaji Mande ya ce, "To mi yak kai shi ɗakinka?"

Dije ya dubi ƙofa, ya rage murya, kuma duk karairayar nan ta fita daga maganarsa. Ya ce ƙanin Labbo, wanda ya ƙi tashi daga ƙauyen saboda gero, an harbe shi a gona. Kwana uku gawar tana kwance a rana. Mutanen dajin sun ce duk namijin da ya taka garin sai sun kashe shi, amma suna barin tsofaffin mata su shiga su kwashi ɗan abin da ya rage, tukunya, tabarma, ragowar wake. Matan ba za su iya haƙa kabari ba, ba za su yi wa gawa salla ba. Labbo ya rasa wanda zai tambaya. Ba zai iya cewa matarsa ta ɗaura masa zane ba, ba zai iya zuwa wurin matar wani ba. Sai ya tuna akwai namiji ɗaya a Wurno da ya san yadda mace ke tafiya.

"Yaz zo min da hawaye a gemu," in ji Dije. "Ni nis sa ya aske shi, don mayahin huska ba ya kwanciya bisa gemu. Nik koya mai taku, nic ce ka rage tsawo, ka duƙa, kar ka yi magana ko an zage ka. Nim manta ban ce mai ga yadda aka hawa mota ba. Wannan laihina ne."

Ya ce Labbo ya shiga tare da tsofaffi huɗu. Suka kewaye shi suna yi kamar suna tsintar itace, shi kuma yana haƙa da guntuwar fartanya a durƙushe, mutanen na can gindin bishiya da bindigogi suna kallonsu daga nesa. Ya sallaci ƙaninsa shi kaɗai, da zane da hijabi, kabbara huɗu a cikin zuciya. Sauran tafiya biyun da muke cewa Hajiya ta tafi biki, gawarwakin wasu ya je rufewa, waɗanda 'yan uwansu suka roƙe shi a ɓoye.

Ban san inda zan sa idona ba. Na dubi masar, na dubi darduma. Na tuna yadda na ɗaga ƙafa a rumfa ina kwaikwayonsa, mutane suna riƙe ciki.

Dije bai ƙyale ni ba. Ya ce, "Kai kuma mai ido. Ka ga yatsa, ba ka ga mutum ba. Ni in an ce min ɗan daudu sai in ce na'am, nawa ne, na saye shi da tsada. Amma kun ɗauki sunana kun liƙa ma bawan Allah, kun ƙara da waɗanda ko ni ban yarda a kira ni da su ba. Wa yat taɓa kama ni da wani? Kai ka kama ni?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka ji."

(Ina da shekara hamsin da biyu a lokacin, na je Makka sau biyu. Ɗan daudu ya tsare ni a shagona yana karanta mini tarbiyya.)

Alhaji Mande ya ce a kira Labbo. Yana waje yana ɗinki, tsakaninsa da mu bango ɗaya. Ya shigo ya tsuguna. Da ya ga fuskokinmu ya gane. Ya dubi Dije ya ce, "Garba, ba haka munka yi da kai ba."

Na yi sauri na ce, "Labbo, ka yahe min. Yanzu-yanzu za ni rumhwa in gaya ma kowa abin da kay yi. Wallahi sai garin ga ya san kai wane ne."

Na zaci zai ji daɗi. Sai na ga ya firgita, ya kama gefen rigata. Ya ce, "Alhaji, kar ka ƙara min wani bisa wanda kay yi. Kasuwag ga cike take da kunnuwan mutanen dajin. Yau ka hwaɗi, gobe sun ji. Daga ranar duk tsohuwar da tat taka garin sai sun ɗaga mata hijabi, in ba su harbe ta ba. Akwai masu shiga har yanzu. Ka bar min sunan, na iya ɗaukar shi."

Alhaji Mande ya ce, "Auren ɗiyarka hwa?"

Labbo ya ce, "In ya lalace, Allah shi ba ta wani. Ba ni sayen aurenta da ran tsohuwar wani."

Masa ta huce babu wanda ya taɓa. Ni dai na san a wannan lokacin na ruguza auren yarinyar da ba ta yi mini komai ba, kuma gyaran da na iya, wato surutu, an hana ni.

Tsohon ne ya samo hanya, kuma a kaina ta bi. Ya ce shi ya gamsu, irin gidan da yake so jikansa ya shiga ke nan. Amma shi kaɗai ba zai iya ba. Akwai uban yaron, akwai mata, akwai 'yan uwa, kuma ba zai gaya musu dalili ba tunda an ce a rufe. Abin da suka sani shi ne Alhaji mai albasa, wanda ba ya ƙarya, ya gani da idonsa. Ya ce, "Magana daga bakinka tat tashi, can za ta koma. Ka je inda kaf fara ta, gaban mutanen da kaf fara ta, ka ce ba ka ga komi ba. Ƙirƙira kay yi. In na ji labarin ya iso Goronyo ta bakin wasu, ba ta bakinka ba, sai mu zo sa rana."

Na ce, "Baba, in ce kuskure niy yi mana. In ce wata mata ce mai kama da shi."

Ya ce, "In ka ce haka, za su ce wace mata, daga ina, mi ya kai ta ɗakin Dije, ina motar ta nuhwa. Kana son su bi sawun motar?"

Na ce, "Baba, maganata ita ce jarina."

Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Shi ma sunanai ne jarinai."

Na kwana biyu ina juya abin. Ba zan yi muku ƙarya ba, na nemi hanyar zillewa. Na yi tunanin in tafi Kudu da kaya in yi wata guda. Na yi tunanin in aika wani ya faɗa a madadina. A rana ta uku gab da la'asar, lokacin da rumfa ta fi cika, dillalai da 'yan dako da direbobi, na miƙe na yi sallama da ƙarfi kamar mai shelar ɓatan akuya. Kowa ya juyo. Labbo yana can gefe da basillarsa, bai ɗago ba.

Na ce, "Jama'a, maganar da nif faɗi a kan Malam Labbo, ƙarya ce. Ban gan shi da zane ba. Ban ga komi ba. Ni niƙ ƙirƙira."

Wani dillali, abokin hamayyata tun muna samari, ya ce, "Alhaji, kai da kar rantse? Kai da ka gane albasa ta cikin buhu?"

Na ce, "Na rantse bisa ƙarya. Zan yi kaffara."

"To yatsar hwa?"

"Ban ga yatsa ba."

"Gemun hwa?"

Nan na tsaya, don ban shirya wa gemu ba. Daga can gefe Labbo ya ce, ba tare da ya daina ɗinki ba, "Ƙwarƙwata." Wannan ita ce kalma ɗaya da ya taɓa faɗa a kan maganar a bainar jama'a, ita ma don ya cece ni ne.

Sai wani direba ya tambayi abin da na fi tsoro: "To don mi kay yi mai haka? Mi yay yi maka?" Gaskiyar ita ce amsar da ta fito. Na ce, "Ba komi. Don a yi dariya."

Babu wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya ce a'uzubillahi, ya tashi ya bar wurin. Wani ya tofar da yawu kusa da takalmina. Na zauna, aka ci gaba da hira a kaina kamar ba na wurin. Shayin da aka zuba mini ban ɗauka ba.

Labarin ya isa Goronyo kafin kwana biyu, kamar yadda tsohon ya so. Bayan sati uku aka zo aka sa rana, bayan girbi aka ɗaura. Na je, na zauna can baya, kusa da takalma. Labbo ya aiko mini da goro biyu ta hannun ɗan uwansa. Dije ne ya yi girkin, kuma da aka zo rabo, ƙanzo aka kawo mini, na san ba kuskure ba ne, na cinye.

Sunan bai mutu gaba ɗaya ba. Har yau akwai wanda in Labbo ya wuce sai ya ce Hajiya a hankali, kuma bai koma sahun gaba ba. Ni kuma na samu nawa. A rumfa Alhaji Ban-gani-ba ake ce mini, har 'yan dako. Manoman da suke karɓar maganata a da, yanzu sai an kwance buhu a gabansu. Binciken aure kuwa, tun daga ranar babu wanda ya sake taka ƙofata.

Abin da ya sa nake iya rubuta wannan yanzu ba mai daɗi ba ne. Ƙauyen su Labbo ya tashi gaba ɗaya, an ƙone abin da ya rage, babu tsohuwar da ke shiga, babu abin ɓoyewa. Duk da haka na canza sunaye, kuma sai da na tambaye shi. Ya ce in rubuta in ina so, shi dai kar a karanta masa.

Yanzu in an nuna mini mutum aka ce, Alhaji, wancan mi ne ne shi, sunan da ubansa ya raɗa masa nake faɗa, in ban sani ba in ce a je a tambaye shi. Na yi shekaru ina taƙama ban taɓa ƙarya ba (ban da ta ciniki, wadda kowa ya san ba a lissafa ta). Da na zauna na duba, a duk abin da na faɗa a kan Labbo, gaskiyar da na gani da idona ita ta kusa kashe auren ɗiyarsa, ƙaryar da na yi a rumfa kuma ita kaɗai ce ta yi masa amfani.